Hilux ɗina tana karkarwa a silo: sai an sauke inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 22R, ina dakon kaya da ita daga Kawo zuwa Rigasa. Tun shigowar damina, in na tsaya sai injin ya yi ta karkarwa yana misin, salansa tana fat-fat. In na taka totur sai abin ya ragu. An wanke kafireto sau biyu, ba ta daina ba. Yanzu an ce sai an sauke inji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya na injin nan tukuna. 22R inji ne mai juriya, kuma yawancin irin wannan ciwon daga waje yake. Abin da ya kamata a fara sani shi ne: silinda ɗaya ce ta kwanta, ko duka huɗun ne ba sa samun abin da suke so? Wanke kafireto ba tare da sanin wannan ba harbi ne a duhu.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka tada motar ta yi zafi, ka bar ta a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba. Da filaya mai roba a hannu, bakanike ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. A kula, wutar tana fizga. Duk wadda aka zare injin ya ƙara shaƙewa, wannan silindar tana aiki. Wadda aka zare sautin bai canza ba, ita ce mara lafiyar. Sai a ɗauke fuloginta a kai wata silindar. In ciwon ya bi fulogin, ka huta. In bai bi ba, a yi haka da wayar.

Ka karɓi fulogin ka duba bakinsa da idonka, domin yana ba da labari. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturun bara. Baƙi mai danƙo, baƙin mai ne ke haurowa. Fari fat, iska ta fi fetur yawa. In kuwa ɗaya ya fito tsaf kamar an wanke shi alhali sauran da dauɗa, ruwan lagireto ne ke shiga wannan silindar. Tazarar bakin fulogi a injinka milimita 0.8 ce, kuma jerin wutarsa 1-3-4-2. Na sha ganin motar da aka sāke wa wayoyi aka juya biyu, mai ita ya yi mako yana sayen kaya a banza.

Abu biyu a bayaninka sun tsaya mini a rai. Na farko, damina. Murfin distiribita (mai raba wa fulogogi wuta) da ya tsage, ko wayoyin da suka tsufa, suna shan raɓa, wuta ta riƙa tsallakewa kafin ta isa fulogi. Buɗe murfin ka haska ciki: in ka ga siririn layi baƙi kamar zanen fensir, ko danshi, shi ne. Da daddare ma, in ka buɗe bonet a duhu injin na aiki, za ka iya ganin shuɗin tartsatsi yana rawa a jikin wayoyin.

Na biyu, ka ce taka totur yana rage abin. Wannan alamar iskar sata ce. Akwai ƙananan tiyo masu yawa kewaye da kafireton 22R, zafi yana busar da su su tsage, haka ma gasket ɗin gindin kafireto. A silo fetur kaɗan ke shiga, don haka 'yar iskar da ta kutso takan rikita haɗin. Da ka taka sai ta ɓace a cikin yawa. Kasa kunne, za ka ji tsaki siriri. A bi tiyo ɗin ɗaya-ɗaya ana matsewa, inda silo ya daidaita nan ne. Ni nan na fi zargi.

Fetur ɗin galan na bakin titi kuma yakan zo da ruwa da laka. Zuba kaɗan a kwalba, ruwan zai kwanta a ƙasa. A canza matatar mai.

Sai duk waɗannan sun wuce za a taɓa bawul. 22R yana son a saita su da zafi: tazarar na shiga milimita 0.20, ta na fita milimita 0.30. Bawul da ya matse yana sa misin a silo, in aka bar shi ya ƙone. Riƙe takarda a bakin salansa. In ana zuƙo ta ciki jefi-jefi, akwai zargin bawul ɗin fita.

Hukuncin ƙarshe na ma'aunin matsin silinda ne. Lafiyayyen 22R yana ba da wajen 170 a ma'aunin psi, kada ya gaza 142, kuma kada bambancin silinda da silinda ya wuce 14. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sāke aunawa: in ta tashi, ringin fistin ne; in ba ta tashi ba, bawul ne, tof, wato kan injin, kaɗai za a ɗaga. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin tof ne ya ƙone.

In garejinku ba su da ma'aunin, ka nemi masu shi a Kurmin Mashi, a auna a gabanka ka rubuta lambobin huɗu. Fulogi da wayoyi kuwa, in za ka shiga Panteka, tafi da tsofaffin a hannu, ka sayi saiti guda na kirki.