Kwamfutata za ta ɗauki ƙirƙirarriyar basira ta riƙe mana lissafin albasa ba intanet?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa da ke Kamaru, kuma ni ke riƙe wa ƙungiyar manoman albasa ta garinmu lissafi. Shekara huɗu ke nan muna zuba komai a Excel: wa ya kawo buhu nawa, wa ya ci bashin taki da iri, wa ya biya. Yanzu fayiloli sun yi mini yawa, in shugaba ya tambayi nawa ake bin wane sai na kwana ina lalube. Na ji an ce ana sauke irin su ChatGPT a kwamfuta su yi aiki ba intanet. Tawa RAM ɗinta gigabait 8 ne. Za ta ɗauka, ko in sa ƙungiya ta sayi babba? Kuma abin zai ji Hausa da Fulatanci?

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Za ta ɗauka, amma ƙarami. Sai dai ina roƙonka kada ka bari ƙungiya ta fitar da ko dala ɗaya don sayen sabuwar kwamfuta tukuna, domin abin da ke hana ka barci ba a cikin kwamfutar yake ba, a cikin fayilolin yake.

Mu fara da abin da ka ji. ChatGPT kansa ba a sauke shi, yana zaune ne a manyan na'urorin kamfanin OpenAI, sai da intanet ake kai gare shi. Abin da ake saukewa su ne samfuran harshe, wato manhajojin basira masu aiki irin na ChatGPT, da masu su suka saki kowa ya ɗauka: Llama na Meta, Gemma na Google, Qwen na Alibaba, da Mistral na wani kamfani a Faransa. A watan Maris na 2023 wani mai rubuta manhaja ɗan Bulgeriya, Georgi Gerganov, ya fitar da llama.cpp, wadda ta sa irin waɗannan samfura suka iya tafiya a kwamfutar gida da ba ta da katin zane mai tsada. Manhajojin Ollama da LM Studio sun sauƙaƙa abin ga wanda ba ya son wahalar haɗawa da kansa.

Lissafin ko za ta ɗauka kai ma za ka iya yi. Girman samfuri ana auna shi da yawan sigoginsa, wato lambobin da ya koya lokacin da ake horar da shi. Kowace siga tana cin bait biyu a yadda aka saba sakinsu, don haka mai siga biliyan 8 yana neman wajen gigabait 16. Akwai dabarar matsewa da ke mayar da kowace siga bit 4, wato rabin bait, sai ya dawo kusan gigabait 5, da 'yar asarar inganci. To Windows kaɗai tana riƙe gigabait uku zuwa huɗu na RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki a cikinta, kafin ka buɗe komai. Ka ga ke nan gigabait 8 ɗinka ba za su sake da mai biliyan 8 ba. Abin da ya dace da kai shi ne mai biliyan 3, wanda nauyinsa bai wuce gigabait 2 da ɗan wani abu ba. Sau ɗaya za ka sauke shi inda ka sami intanet mai araha, ka kwafe a filashi, shi ke nan. Amsa za ta riƙa fitowa a hankali, kalma bayan kalma. Kuma ka san zafin Marwa a Maris da Afrilu, ana haura digiri 40: kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata fanka. Ka ɗaga ta daga kan katifa, ka sa a busa mata ƙura. In har sai an kashe kuɗi, a duba ko tana da gurbin ƙarin RAM a kai ta 16. Wannan ya fi sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Samfurin harshe ba ya lissafi. Aikinsa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. In ka zuba masa jadawalin shekara huɗu, da farko ma ba zai shige masa duka ba, don akwai iyakar abin da yake iya riƙewa a lokaci guda. Abin da ya shiga kuma, in ka ce ya tara maka bashin wane, zai ba ka lamba cikin kyakkyawar jimla, ba ko inda-inda, kuma tana iya zama ba daidai ba. Da waƙa yake rubutawa da ba komai. Amma wannan bashi ne tsakanin maƙwabta da surukai. Ka ce wa dattijo ana bin sa jaka tamanin alhali ya biya rabi tun bara, ka ɓata abin da kwamfuta ba ta iya gyarawa.

Ko da ma ya iya lissafi, me za ka ba shi? Ban ga fayilolinka ba, amma na ga irinsu da yawa a wannan yanki namu, kuma cutarsu ɗaya ce.

Sunaye tukuna. Mutum guda zai fito a matsayin Oumarou a fayil ɗin 2021 saboda haka yake a katin shaidarsa, ya koma Umaru a na 2022 da wanda ya yi makaranta a Najeriya ya rubuta, a wani wurin kuma Alhaji Oumar, ko laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa. Mohamadou, Mouhamadou, Mahamat, Muhammadu. Ga kuma akasin haka, mutum uku daban masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Na'ura ba ta san wane ne wane ba, kai ka sani, shugaba ya sani. Maganinsa shi ne kowane memba a ba shi lamba tasa da ba ta canzawa har abada, a rubuta ta a katinsa, duk wani shigar kaya ko bashi da lambar za a rubuta shi, suna ya zauna a wuri ɗaya tak. Akwai manhajar kyauta mai suna OpenRefine, tana aiki a kwamfutarka ba intanet, tana tattaro maka sunayen da suka yi kama da juna ta jera su. Amma kada ka bar ta ta haɗe su da kanta. Ka zauna da shugaba da ma'aji, suna bayan suna, su ce wannan shi ne, wannan ba shi ba ne. Aikin zai ci muku yammaci da dama, kuma babu aikin da ya fi shi daraja a duk wannan lamari.

Sai kuɗi, inda na fi ganin ɓarna. A baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Manomi ya ce ya biya ɗari biyu, yana nufin dala ɗari biyu, wato sefa 1,000. Mai rubutu na yau ya juya ta ya rubuta 1000, na gobe ya rubuta 200 kamar yadda ya ji. Abokan ciniki daga Chadi su ma da riyal suke ƙirga, shi ma sefa 5 ne. In kuma kuna sayarwa ga masu zuwa daga Mubi ko Maiduguri, naira ta shigo, ita kuwa farashinta na wannan wata ba shi ne na watan jiya ba. Ƙa'ida ɗaya za ku kafa: gurbin kuɗi sefa ce cikakkiya, lamba zalla, ba harafi ba alama. In da naira aka biya, a rubuta ta a gurbinta daban tare da canjin ranar. Buhu ma haka. Babban buhu da ƙarami ba abu ɗaya ba ne, albasar da aka ciro yau da wadda ta sha iska a rumbu wata uku ba nauyinsu ɗaya ba, farashinsu ma ba ɗaya ba. Kowanne ya sami gurbinsa.

Akwai kuma tarkunan da Excel ke ɗanawa mai aiki tsakanin Faransanci da Ingilishi. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana raba gurabe a fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla, da waƙafi mai ɗigo, tana rubuta ɗaya da rabi 1,5; wadda aka saita da Ingilishi waƙafi take amfani da shi wajen raba gurabe, ta rubuta 1.5. Kai fayil daga wannan zuwa waccan, lambobi su watse. Kwanan wata 03/04/2023 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Rubuta shi 2023-04-03, babu mai ruɗewa. Lambar wayar Najeriya da ke farawa da sifili, Excel na cinye sifilin. Doguwar lambar da ta wuce ƙwaya 15 kuma tana mayar da ƙarshenta sifili, ta tafi ke nan. Don haka lambar waya da lambar shaidar biya ta Orange Money ko MoMo a ajiye su a matsayin rubutu. Ka kuma adana komai a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ da ŋ na sunayen mutane su rikiɗe su zama alamun tambaya.

In bayanai sun tsabtu, ka fitar da su daga Excel ka kai su rumbun bayanai na gaske. Shawarata SQLite. Kyauta ce, tun shekarar 2000 Richard Hipp ya fara ta, tana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma duk rumbun fayil ɗaya ne da za ka iya kwafewa a filashi. DB Browser for SQLite za ta ba ka fuskar da za ka riƙa gani kamar jadawali. Jadawali huɗu sun ishe ka: membobi, kayan da aka kawo, bashin da aka ci, biyan da aka yi. Kada a goge layi ko a sauya shi in an yi kuskure. A ƙara sabon layi na gyara, da kwanan wata da sunan wanda ya gyara, kowane layi kuma ya ɗauki lambar rasit ɗin takarda. Ranar da gardama ta tashi, za ka bi sawu har ka kai ga takardar da mutum ya dangwala wa hannu. Daga nan tambayar shugaba ta zama layi guda na SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi:

SELECT SUM(kudi) FROM bashi WHERE lambar_memba = 47;

Ka yi irinsa a jadawalin biya, ka ɗebe. Kafin shugaba ya kurɓi shayinsa amsa ta fito, kuma gobe ma ita za ta fito.

Za ka ji 'yan'uwanka ɗalibai na ambaton Spark da Kafka, manhajojin sarrafa tarin bayanai, da ajiya a gajimare, wato a na'urorin wasu kamfanoni ta intanet. Ka koye su don neman aiki, babu laifi, amma an gina su ne don kamfanonin da bayanansu ba sa shiga na'ura ɗaya. Excel kanta tana ɗaukar layi 1,048,576, ku kuwa da wuya ku kusanci wannan. Yana ba ni takaici in ga yaro mai basira ya ɗora wa ƙaramar ƙungiya tsarin da ke neman intanet dare da rana da biyan dalar Amurka duk wata, ya gama karatu ya tafi Yawunde ko Duwala, tsarin ya mutu a bayansa. Ka gina abin da wanda zai gaje ka zai gane a mako ɗaya. Babban rumbun bayanai irin PostgreSQL sai ranar da mutane da yawa suke shigar da bayanai a lokaci guda. In kuna karɓar kaya a gona, manhajojin KoboCollect ko ODK Collect suna cike fom a waya ba intanet, su tura in an sami sabis.

Batun ajiya ba na wasa ba ne. Wutar arewacin ƙasar nan ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, in ruwa ya ja baya kowa na ji a jikinsa, kuma dawowar wuta da ƙarfi na kashe na'ura. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a hannunka, ɗaya a gidan ma'aji, ana sabuntawa duk Juma'a. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa. Sannan bashin mutane sirrinsu ne. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, kuma ko ba doka amana ce. A nan ne samfurin cikin gida ya fi na intanet: sunan kowa ba ya barin ɗakinka.

To a ina basirar za ta shigo? Bayan duk wannan, kuma a matsayin mai taya ka rubutu. Ka nuna mata sunayen jadawalai da gurabensu, ka ce ta rubuta maka umarnin SQL da zai fito da waɗanda ba su biya komai ba tun girbi. Ita ta rubuta, kai ka karanta, SQLite ta yi lissafin. Ka yi wannan a kan kwafi, ba a kan rumbun asali ba. Kafin ka yarda da ita, gwada ta da tambayoyi goma da ka riga ka san amsarsu daga rasit. Tana kuma da amfani wajen tsara wasiƙar Faransanci zuwa banki ko taƙaita bayanan taro.

Harshe kuwa, gaskiya ba daɗi. Ƙananan samfura sun fi ƙarfi a Ingilishi, Faransancinsu ba laifi. Hausarsu rarrauna ce: za su fara jimla daidai, su karkace a tsakiya, su ƙago kalmar da babu ita. Fulatanci ya fi haka rauni. Dalili shi ne ƙarancin rubutunmu a cikin abin da aka horar da su da shi, ga shi kuma suna daddatsa kalmar Hausa gunduwa-gunduwa fiye da ta Ingilishi, abin da ke ƙara musu jinkiri. NLLB-200 da Meta ta saki a 2022 don fassara tana da Hausa da Fulatanci, amma Fulatancin Najeriya ne, akwai bambanci da wanda ake yi a kasuwar Marwa. Masu bincike na Afirka irin na Masakhane suna aiki a kan wannan giɓi, kuma ɗalibi irinka mai harshe uku yana da abin bayarwa a can. A yanzu dai ka yi wa na'urar magana da Faransanci, kai ka mayar wa shugaba da Hausa ko Fulatanci.

A zaman ƙungiya mai zuwa, abin da za ka nema ba ya da yawa: filashi biyu, littafin rasit mai lambobi a jere, katin memba ga kowa, da izinin zama da shugaba da ma'aji a kan sunaye. Fara da fayil ɗin bana kaɗai, tunda shi ne bashinsa ke raye, sannan ka koma baya shekara-shekara. In ka kai ga tsara jadawalai huɗun, turo mini sunayen guraben kawai, ban da sunan kowa, in duba maka. Allah ya taimaka.