Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kwamfutar Gida Mai Mutuwa Ana Tsakiyar Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce, kuma muna da kwamfutar tebur a gida wadda maigidana ya saya ta hannu tun shekarar 2014, tana aiki da Windows 7. A cikinta nake ajiye tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, kuma hotunan yaranmu tun daga ranar suna duk suna ciki. Tun shigowar bazarar bana ta fara mutuwa da kanta. Idan na kunna ta sai ta yi kamar rabin awa, fankarta ta yi ta gurnani, sannan ta ɗauke ɗif kamar an zare fulogi. A makonnin nan kuma ina jin wata ƙara "ƙyas-ƙyas" daga cikinta, wani lokaci ma fayil yakan ƙi buɗuwa. Mai gyaran unguwarmu ya ce a kawo ya yi mata fomatin ya sake ɗora Windows, alhali kuwa an yi hakan bara. Shin in kai ta ne, ko in haƙura da ita? Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai ina roƙonki kada ki yarda a yi wa wannan kwamfuta fomatin a halin da take ciki. Abin da kika bayyana cuta biyu ce daban-daban, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta shafi Windows. Mutuwar da take yi bayan rabin awa tare da gurnanin fanka alamar zafi ce, ƙarar da kike ji tare da ƙin buɗuwar fayiloli kuwa alama ce ta cewa rumbun ajiyar bayanai, wanda masu gyara ke kira had dis, ya kama hanyar lalacewa. Fomatin shafe rumbun nan ne gaba ɗaya, kuma sake ɗora Windows yana sa shi aiki mai nauyi na tsawon awanni, wanda rumbu mai rauni kan iya ƙarasa mutuwa a cikinsa.

Cuta ta biyu ce ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. A cikin rumbun akwai faifai mai santsi da yake juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wani siririn hannu mai ɗauke da allurar karatu wadda take shawagi a saman faifan ba tare da ta taɓa shi ba, a tazarar da ba ta ko kusa da kaurin gashin kai. Idan allurar ta kasa karanta wani wuri, sai hannun ya koma mafari ya sake dawowa, kuma wannan kai-kawo shi ne ƙarar da kike ji. Rumbun da ya fara haka ba ya warkewa, kuma ba wanda zai iya gaya miki ko saura masa wata uku ne ko kwana uku. Na taɓa jin irin wannan ƙara a tawa kwamfutar, na ce zan kwashe kayana a ƙarshen mako idan na samu sarari, ranar Alhamis da safe na kunna ta ta ƙi tashi. Hotunan mahaifina na ƙarshe, Allah ya jiƙansa, suna cikin abin da ya tafi, kuma har yau ban samu madadinsu ba.

Saboda haka aikinki na farko shi ne kwashe kaya, kuma daga yau kada a kunna ta don wani abu sai don wannan. Ki nemi sabon filash mai girma ko rumbun waje, ki zaɓi lokacin sanyin safiya da wuta ta tsaya daidai, a cire murfin gefen akwatin, a saita fankar tsaye tana hura cikinsa domin ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ki fara da abin da ba shi da madadi, wato hotuna da takardun makaranta, ki riƙa kwafa kaɗan-kaɗan, jaka ɗaya bayan ɗaya, domin idan kika zaɓi komai a lokaci guda fayil ɗaya da ya lalace zai iya tsayar da aikin duka. Waƙoƙi da fina-finai da manhajoji su zo a ƙarshe, tunda ana iya samunsu a wani wuri. Idan kin gama, ki buɗe wasu daga cikin fayilolin a wata kwamfutar ki tabbatar sun kwafu lafiya, sannan ki ƙara ajiye hotunan a wuri na biyu, ko da a Google Drive ne. Idan kuwa ta ƙi tsayawa har ki gama, mai gyara zai iya ciro rumbun ya jona shi da wata kwamfutar ta wayar USB ya kwashe. Shawarata ita ce maigida ko wani babba daga gida ya zauna a wurin har a kammala, domin hotunan iyali da sakamakon ɗalibai amana ne da bai kamata su kwana a shagon kowa ba. Kada a bari wani ya buɗe jikin rumbun, kada a bubbuga shi, kada kuma a saka shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara.

Bayan kaya sun tsira sai a koma kan zafi. Masarrafar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyukanta, tana da tsarin kare kanta, wanda yake kashe na'urar nan take idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, kuma wannan ne ya sa take ɗaukewa ba sallama. Ba mamaki abin ya bayyana da bazara, lokacin da zafin garuruwanmu ke haura digiri 40, bayan hunturu ya gama cusa mata ƙura ta kowace kafa. Idan aka buɗe irin wannan akwati da ya shekara goma ba a share ba, abin da ake tararwa a ƙarƙashin fanka shi ne ƙura da ta daskare tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar tsumman bargo, har ana iya ɗago ta da yatsa a dunƙule, ga yanar gizo-gizo a kusurwoyi, wani lokaci har da ƙwan kyankyasai. Fankar tana ta juyawa iyakar ƙarfinta amma iska ba ta ratsawa, shi ne gurnanin da kike ji.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A kashe ta, a zare fulogi daga bango, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, sannan a fitar da akwatin tsakar gida a kakkaɓe da busasshen burushin fenti mai laushi da bulowa. A riƙe fuka-fukan fanka da yatsa yayin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, kuma ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusanci ciki. Akwai kuma wani man shafawa mai launin toka da ake sawa tsakanin masarrafa da ƙarfen sanyaya domin zafi ya riƙa wucewa, wanda da shekaru yakan bushe ya farfashe kamar tsohon yaɓe. Ki ce wa mai gyara ya goge tsohon da sifirit ya sa sabo, kwatankwacin ƙwayar wake ya isa. Daga nan kuma a daina ajiye akwatin a ƙasa ko a manne da bango, a daina kunna ta da mayafin da ake rufe ta da shi.

Idan an yi duk wannan ta ci gaba da mutuwa, to zargi ya koma kan wuta. Akwatin wutar da ke bayanta, wanda ake kira fawa fak, shi ne yake shan wahalar hawa da saukar wutar gari da ta janareta, kuma idan ya tsufa ba ya iya riƙe nauyi. Ana canza shi ne ɗungurungum, ba a buɗe shi a gida, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Wasu tsofaffin akwatunan, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Dole ya kasance a kan 230, in ba haka ba yana ƙonewa da zarar an jona. Ki sa a duba babban allon ciki ma. Akwai wasu ƙananan gwangwanaye a tsaitsaye a kansa da ake kira kafasito, waɗanda samansu ya kamata ya zama a shafe. Idan an ga sun kumbura ko suna zubar da wani abu mai kama da tsatsa, allon ya gaji.

A kan wannan ne amsar tambayarki ta ƙarshe ta rataya. Idan allon lafiya yake, shara da sabon man sanyaya da sabon rumbu za su dawo miki da ita ta ƙara wasu shekaru tana buga tambayoyin jarrabawa, kuma ina ganin hakan ya fi sayen wata ta hannu wadda ba ki san irin ciwon da ke jikinta ba. Idan kuwa allon ne ya lalace, ko kuɗin gyara ya tasam ma rabin kuɗin wata mai ƙarancin shekaru, ki haƙura da ita, amma ki cire rumbunki ki riƙe kafin a sayar ko a bayar. Sai dai ki sani kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairun 2020, manhajar Chrome ma ta daina sabuntuwa a kanta tun farkon 2023, saboda haka ko ta warke bai dace a shiga asusun banki da ita ba. Sitabilaiza mai kyau, ko UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, idan da hali, ya kamata ya shiga cikin lissafin kuɗin gyaran.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka da yayana ya bar mini, mai Core i3 da RAM gigabait 4, tana kan Windows 10. Takan ɗauki kusan minti biyar kafin ta gama tashi, kuma ta nuna mini cewa ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba. Ga shi zan fara rubuta aikin kammala karatu. Me zan yi? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Idan ba ta mutuwa kuma ba ta wata baƙuwar ƙara, to nauyin nan kusan kullum daga tsohon rumbu mai juyawa yake. Ka canza shi da sabon nau'in rumbu da ake kira SSD, mai inci 2.5 na mahaɗin SATA, wanda ba shi da faifai ko allura a ciki, kuma yana shiga daidai ramin tsohon. A tsofaffin kwamfutoci irin taka babu wani canji guda da yake kawo bambanci kamarsa, domin tashin minti biyar yakan dawo ƙasa da minti ɗaya. Mai gigabait 256 ya ishi ɗalibi, tsohon rumbun kuma ka saya masa gida ka mayar da shi na waje don ajiyar kwafin aikinka. Idan da sauran kuɗi ka ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne, ya kai gigabait 8, amma ka fara duba ko taka DDR3 take ɗauka ko DDR4, domin yankan da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, sannan Windows mai bit 32 ba ta amfana da abin da ya haura gigabait 4.

Batun Windows 11 kuwa, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan, shi ya sa ta ƙi taka. Tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, wanda ba ya nufin za ta daina aiki, sai dai haɗarinta a intanet yana ƙaruwa da tafiyar lokaci. Ba na ba da shawarar a ɗora Windows ɗin da aka yi wa kutse, irin wadda ake yawo da ita a filash, domin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Abin da na fi natsuwa da shi ga tsohuwar na'ura shi ne Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, musamman nau'in Xfce mara nauyi. Kyauta ce, tana zuwa da Firefox da LibreOffice wadda take buɗe takardun Word tana kuma ajiye su, kuma kana iya gwada ta daga filash ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amma idan sashenku yana buƙatar wata manhaja ta musamman da sai a Windows take aiki, ka zauna a kan Windows 10 har ka kare aikinka, ka kuma kiyaye filashin da ya shiga kwamfutocin shagunan buga takardu, domin ta nan ne cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ta fi yaɗuwa. Ka riƙa tura wa kanka kowane babi ta imel a ranar da ka rubuta shi.

TAMBAYA: Kullum na kunna kwamfutar shagona sai ta tsaya a baƙin allo ta ce in danna F1, kuma kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet da yawa ma suna ƙin buɗuwa. An ce mini allon ne ya mutu. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, allonka bai mutu ba, in Allah ya yarda. A kan babban allon akwai wani ɗan batir mai sheƙi kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma shi ne yake riƙe agogo da saitunan tashi a lokacin da babu wuta. Idan ya ƙare agogon yakan koma baya, shafuka masu tsaro kuma suna ƙin buɗuwa ne saboda takardun shaidarsu ba su dace da kwanan watan da kwamfutar ke nunawa ba. Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo da masu makullin mota. A zare wuta, a tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da tsohon ya fito, a saka sabon da gefen mai alamar tarawa a sama, sannan a gyara kwanan wata da lokaci sau ɗaya. Tsohon kuma a jefar da shi inda yara ba za su kai ba, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awanni kaɗan, kuma yaron da ya haɗiye shi asibiti ake kai shi nan take.