Mutum Ukun da Dillali Ya Ce Suna Kan Gidan

Ɗana, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso tun daren Litinin. Sau biyu ƙanwarka ta kunna min muryar, don a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshen. Ita ce kuma take rubuta wannan, ni ina faɗa, saboda haka in ka ga kuskure ka san inda za ka kai ƙara.

Na dai fahimci zancen. Ka ga gida a Rijiyar Zaki, ko in ce ka ga bidiyonsa a waya kana zaune a Abuja. Dillali ya ce mutum uku suna kansa, ɗaya ma daga Saudiyya zai turo kuɗi, in ba ka ajiye kafin alƙalami zuwa Juma'a ba, ka rasa. Innarka kuma ta kafe cewa ba za a ba da ko sisi ba sai an je an gai da maƙwabta, an kai wa mai unguwa goro, an zauna da shaidu. Shi ne kake tambayata wai wannan addini ne ko al'ada ce, in kuwa al'ada ce me zai hana a ɗaga ta tunda lauya zai rubuta takarda.

Mutum ukun nan na san su. Tun 1975 suke bin gidajen Kano, kuma har yau ba su tsufa ba. Ni ma su aka ce suna kan nawa.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ban daɗe da aure ba, muna haya a ɗaki biyu, mu da masu gida banɗaki ɗaya. Sai ga kuɗin Udoji a farkon shekarar, zamanin Gowon, aka ƙara albashi aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule. Ɗana, ba ka taɓa ganin gari ya haukace irin na lokacin ba. Masinja ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi rediyo mai kaset, wasu suka ƙara aure. Kayan kasuwa kuwa suka tashi kafin ma kuɗin su shiga aljihu. Ni sai na ce gida zan saya. Na haɗa Udojin da zubin adashi da kuɗin shanu biyu da suka zo min a gado, marigayi babanka ya cika min abin da ya rage. Naira ba ta wuce shekara biyu da fitowa ba, dattawa da fam suke lissafi, jaka ɗaya fam ɗari, wato naira ɗari biyu. Gidan da dillali ya nuna min a cikin gari, ta wajen Gwale, jaka goma sha biyu aka sa masa. Ginin ƙasa ne an shafe shi da siminti, soro ɗaya, ɗakuna huɗu, biyu da rufin kwano, ga rijiya a tsakar gida, ga bishiyar darbejiya a ƙofa. Ranar da na gan shi ban yi barci ba. Dillali ya ce min kwana uku.

Kakarka ce ta ce kada in kuskura in taya sai na tafi da Kawu, wanta. Kai ba ka riske shi ba. Magini ne, tun yana yaro yake dama ƙasa da ƙafa, ya yi wa gidajen attajirai daurin guga, hannunsa kamar ɓawon kuka. Ba ya sauri ko da wuta ce ta kama gefen rigarsa. Na goya shi a keke bayan azahar, ina ta tuƙi ina gumi, shi kuma yana ce min in bi a hankali, gidan ba ƙafa gare shi ba.

Da muka isa dillali na jiranmu da mukulli a hannu, yana ta nuna sabuwar farar ƙasar da aka shafa. Kawu bai ko shiga soron ba. Ya zagaya bayan gidan, ya tsaya ƙarƙashin indararo ya duba inda ruwa ke sauka da inda yake bi. Ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita ya kankare gindin katanga kamar taki ɗaya daga ƙasa, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya tambayi wani yaro ko da can akwai kududdufi a nan, yaron ya nuna masa can gaba. Sannan ya shiga ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron ko gara ta cinye cikinsu. Ya leƙa rijiya, ya sa aka jawo guga ya kurɓa. Da ya gama sai ya ce, "Gini lafiya lau. Wanda ya yi shi ya ji tsoron Allah." Zuciyata ta yi fari. Na fara lalubar aljihu.

Sai ya ce la'asar ta yi.

Muka yi salla a masallacin layin. Aka sallame, mutane suka watse, Kawu ya gyara zama a kan dakali tare da dattawa huɗu ko biyar da bai taɓa gani ba. Ya fasa goro ya miƙa. Aka shiga hirar farin 1973, da tsadar gero, da wane ya rasu wane ya yi aure. Dillali yana can gindin darbejiya yana ɗaga min hannu yana nuna agogo, ni kuwa kamar in fashe. An fi awa ɗaya ba a ambaci gidan ba. Sai can, kamar abin ya faɗo masa ne, Kawu ya ce, "Allah ya jiƙan mai gidan can, an ce mutumin kirki ne. 'Ya'ya nawa ya bari?" Liman ya ce huɗu, duk maza, su ne ma suke sayarwa. Sai wani tsoho makaho da ke gefe, wanda tun da muka zauna bai ce uffan ba sai jan carbi, ya ce, "Biyar dai." Wurin ya yi tsit. Har yanzu ina jin ƙarar carbin nan. Liman ya yi gyaran murya ya ce, to, akwai babbarsu mace, 'yar uwargidan farko, wadda ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa tun kafin a ba da mulkin kai, suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. An daɗe ba a ji ɗuriyarta ba. Makahon ya ce, "Ba a ji ta mutu ba kuma."

Kawu bai ce komai ba, ya koma zancen gero.

Bayan magariba muka je wurin mai unguwa da goro ashirin a ganye. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce unguwa lafiya take, ba ɓarayi ba 'yan giya. Da aka zo kan gidan sai ya ce shi dai ba a kawo masa maganar rabon gado ba tukuna, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. A hanya na ce wa Kawu ai ka ji, bai hana ba. Ya ce, "Mai unguwa ba ya cewa kada ka saya, don gobe da masu gidan zai kwana. In ya ce Allah ya sa albarka, ka ƙirga kuɗi. In ya ce Allah ya zaɓa, ka nemi takalminka." Na ce to in wani ya riga ni fa? Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce ai gida mai kyau ne, kai da bakinka ka faɗa. Ya ce, "Bangon na duba maka, shi ba ya ƙarya. Amma ba bango kaɗai ake saya ba, har da duk wanda ke da haƙƙi a cikinsa."

Washegari wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya biya. Ka ga ashe a cikin mutum ukun akwai ɗaya na gaske, wannan ba zan ɓoye maka ba. Na yi wata biyu ina gai da Kawu a tsaitsaye, abin da nake jin kunyarsa har yau, don ya rasu ban nemi afuwarsa a kai ba.

Bayan 'yan shekaru sai ga ɗan matar nan ya sauka daga Sudan, dogo, Hausarsa ta gauraya da Larabci, da wasiƙar uwarsa a aljihu. Tana raye. Rabonta rabin na namiji ne, amma rabo ne, kuma ba da izininta aka sayar ba. Ga kuma shufu'a, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya haƙƙin abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba: yana iya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Wanda yake gari in ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan nasa yana nan komai daɗewarsa. Haka yake a cikin Risala, je ka tambayi malaminku. Ɗan kasuwar nan ya sha zaryar kotun alƙali har gashin kansa ya yi fari, daga baya aka yi sulhu ya sake biyan kuɗi masu yawa. To amma gidan nasa ne a yau. An faɗaɗa titi ya dawo bakin hanya, jikokinsa sun rushe sun ta da bene, shaguna shida a ƙasa. In na wuce ta wurin a adaidaita sahu nakan kau da kai, ban sani ba ko godiya nake yi ko ƙyashi.

Wanda muke ciki yanzu sai 1977 na same shi, kuma maƙwabci ne ya kawo maganarsa bayan sallar asuba, ba a ma biya la'ada ba. A ruwan Agustan 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, katangarmu ta baya ta zube cikin dare, shi wannan maƙwabcin ne ya kwashe matana da yara zuwa gidansa, suka yi sati uku. Kakarka takan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Ku kuwa yanzu sai ku ja katanga ta fi ta kurkuku, ku ɗora waya mai lantarki a kai, mutum ya shekara biyar bai san sunan wanda suke haɗa bango ba. Ranar da aka yi rasuwa sai a rasa mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai an ɗauko hayar rumfa da kujeru. Ba da kai nake ba, amma da kai ɗin ma.

Kada ka ce na raina lauyanka. Zamaninmu takarda ɗaya ake rubutawa da ajami, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa dagaci, shi ke nan. Tun da dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, abin ya canja. In gidan yana da takardar shaidar mallaka, a je KANGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filaye na jihar Kano, a duba fayil a ga sunan wa ke ciki, a tabbatar ba a jinginar da ita a banki ba, kuma sauya suna sai da amincewar gwamna. In awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba, to ka buɗe ido sau biyu, a tabbatar ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta aka yanka shi ba. Rusau na 2023 kowa ya gani, har da masu riƙe da takardu a hannu. Rijiyar Zakin da kake magana gonaki ne na sani, ana noma dawa, kuma gonar gado in aka yanka ta fuloti-fuloti, ba kullum ne duk magada suke wurin ba. Fayil zai nuna maka sunan wanda ya je ofis. Ita wadda aka manta da ita a ɗakin miji a wani gari, babu fayil ɗin da ya san da ita, sai tsohon da ke bakin masallaci.

Na kuma san ba ƙarya kake ba da ka ce kuɗin na narkewa a hannunka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta zube, siminti da rodi suka yi sama, abin da ka tara a shekara bakwai kana kallo yana ƙanƙancewa. Mu ma mun ɗanɗana a zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na mulkin Babangida. Don haka ban ce ka jira damina ta zo ta nuna maka inda ruwa ke kwana ba, ko da yake Kawu da haka zai ce. In ka ga dole, ba da kafin alƙalami kaɗan, a rubuta cewa in bincike ya nuna matsala za a dawo maka da kuɗinka, kuma a hannun mai gidan, ido da ido, ba ta asusun dillali ba. Mai gidan da ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya ba ka amsa. Sannan ka tambayi dillalin, a cikin mutum ukun nan akwai wanda aka riga aka yi wa sallama? In akwai, Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ka ga babu ruwanka da gidan. In kuma babu, to saurin na mene ne? Ka ji abin da zai ce. Dillali ba maƙiyinka ba ne, la'adarsa yake nema, kuma ba ta fitowa sai ka biya.

Kafa shaidu dai yana cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, wannan ba na innarka ba ne. Goro kuwa ban taɓa ganin ayarsa ba. Ƙanwarka tana ta dariya wai har yanzu ban ce dole ne ko ba dole ba ne, kuma wai hannunta ya gaji.

Ka turo mata sunan layin da masallacin da ya fi kusa da gidan. Ranar Alhamis in gwiwar nan ta bar ni zan sa a kai ni in yi la'asar a can. Kada ka gaya wa dillalin. Kuɗin goron kuma kai za ka biya, don yanzu ƙwarya ɗaya ta fi albashina na 1975.

Ka gai da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.