Yayanka da ƙaninka a kan kundin hip hop

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa yayanka ya liƙe wa tsoffin kundayen waƙoƙi, ƙaninka kuwa sai sababbi. A ganina, yadda kowa ya saba sauraro ne.

Mu 'yan zamanin kaset, irin su yayanka, guda ɗaya kake saya, ka ji daga farko har ƙarshe, in zaren ya harɗe ka naɗe da biro. Shi ya sa kundin Illmatic na mawaƙi Nas, na 1994, mai waƙa 10 kacal, har yau yake cikin raina.

Yaran yanzu a waya suke ji. Tun 2014 mujallar Billboard a Amurka, mai jera kundayen da suka fi kasuwa, ke lissafa sauraron intanet, sai kundaye suka ƙara tsawo don a yawaita sauraro: Scorpion na mawaƙi Drake, na 2018, waƙa 25 ne. Ƙaninka zai tsinci uku da kiɗansu ya kama shi, ya wuce.