Karen Kiwo na Boda Koli: Amsoshin Tambayoyin Makiyaya

Wani mai gonar tumaki daga Funtuwa ya rubuto cewa ya ga bidiyon wani baƙin kare mai farin wuya yana tattara garken tumaki shi kaɗai, mai shi yana tsaye can nesa yana fito. Yana son sanin asalin karen, da ko zai yi masa aiki a gonarsa mai shinge inda yake kiwon Balami da Uda.

Alhaji, karen da ka gani shi ne Boda Koli, kuma asalinsa tsaunukan da ke kan iyakar Ingila da Sikotilan ne, inda tumaki ke warwatsuwa a kan tuddai masu sanyi ta yadda makiyayi ba zai iya bin kowace da ƙafa ba. Akasarin na yau suna komawa ne ga wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun Adam Telfer, manomi a yankin Northumberland da ke arewacin Ingila, kuma karen ya shahara saboda yana sarrafa tumaki ba tare da haushi ko cizo ba. Tun a 1873 aka fara gasar karnukan kiwo a garin Bala da ke yankin Wels a Birtaniya, a 1906 kuma aka kafa ƙungiyar da ke rajistarsu. Da aiki aka riƙa zaɓen wanda za a bari ya haihu, ba da kyan gashi ba, shi ya sa za ka ga wani mai dogon gashi, wani gajere, wani ma ja da fari.

Ba babban kare ba ne, nauyinsa yakan kama daga kilo 14 zuwa 20. Ƙarfinsa yana cikin ido da dabara. Idan aka tura shi, ba ya nufar garke kai tsaye. Yakan yi zagaye mai faɗi har ya ɓullo ta bayan tumakin, sannan ya sunkuyar da kai, ya kusan shafa ƙasa da ƙirji, ya kafe su da kallo yana takowa a hankali kamar mai farauta. Tumakin sukan dunƙule, su juya su nufi mai su. Wannan ɗabi'a da ita ake haihuwarsa, amma sanin dama da hagu, da kwanciya idan an ce ya kwanta, da jin fito daga nesa, sai an koya masa, kuma galibi ana farawa ne idan ya kusa shekara guda, a kan tumaki kaɗan masu natsuwa.

A gona mai shinge irin taka zai iya aiki, amma da sharuɗɗa. Tumakinmu sun saba bin makiyayi da jin muryarsa, ba su saba a koro su daga baya da kare ba, don haka a farko za su firgita su watse, musamman masu ciki, sai an yi haƙuri an saba musu sannu a hankali. Na biyu shi ne zafi. Gashinsa ninki biyu ne, kuma kare ne da ba ya tsayawa don kansa ko da ya galabaita, saboda haka a watannin Maris da Afrilu kada a sa shi aiki sai da sanyin safiya da yamma, a tanadi inuwa da ruwa. Idan tumakinka ba su fi talatin ba, ni a ganina kuɗin sayensa da na horonsa sun fi amfanin da zai yi maka. Boda Kolin da ba shi da aikin yi kuwa yakan koma korar kaji, yara da babura.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta tambaya ko zai tsare mata awaki daga ɓarayi da diloli da dare.

Hajiya, ba aikinsa ba ne. Karen da ke tattara garke daban, mai gadinsa daban. Boda Koli yana iya yin haushi idan ya ga baƙo, amma ba a halicce shi don kwana cikin garke yana fuskantar maƙiyi ba. Don gadi, abin da kike nema yana kusa da ke: karen Azawak, dogo siriri mai gajeren gashi, wanda Buzaye da sauran makiyayan kan iyakar Nijar da Mali suka daɗe suna riƙewa don tsaron zango da farauta. Yana jure rana, yana ƙin baƙo, kuma idan ya tashi tun yana ɗan kwikwiyo tare da awakin, zai ɗauke su a matsayin nasa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani makiyayi ne a Bauci, a kan shanu da kuma lafiyar karen.

Malam, akwai Boda Koli da ke aikin shanu a ƙasashen waje, amma saniyar Bunaji ko Rahaji mai ɗan maraƙi ba ta jin tsoron kallo, ƙaho ɗaya ya isa ya hallaka shi, don haka ban ba ka shawarar gwadawa da kare marar ƙwarewa ba. Game da lafiya, a yi masa allurar rigakafin haukan kare yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma dage da cire kaska, domin tana sa masa zazzaɓin da ke shanye jini. Abin da makiyaya suka fi sakaci da shi shi ne tsutsar ciki. Idan kare ya ci ɗanyen kan tumkiya ko kayan cikinta, yakan ɗauki tsutsa, ya zubar da ƙwayayenta cikin kashinsa a kan ciyawa, tumkiya ta ci, wani ƙulli mai ruwa ya fito mata a ƙwaƙwalwa har ta riƙa kewaya wuri ɗaya kafin ta faɗi. Saboda haka a dafa duk abin da za a ba shi daga yanka, a binne mushe da zurfi, a kuma ba shi maganin tsutsa aƙalla duk bayan wata 3.