Da wane ma'auni ake auna fuska ta huɗu?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ana auna tsawo da mita, fili da murabba'in mita, cikin tanki kuma da mita kubik. To na ji ana maganar fuska ta huɗu, har ma da ta goma. Su da me ake auna su? Kuma in har lokaci ne fuska ta huɗu, me ya sa da sakan ake auna shi ba da mita ba?

Amsa: Madalla da tambayarka, ɗan'uwa. Mu fara da abin da masana lissafi ke kira daimenshon, wanda ka kira fuska. Ɗora tururuwa a kan zare: ba ta da wajen zuwa sai gaba ko baya, don haka lamba ɗaya ta isa a faɗi inda take. Sauke ta a kan tebur, sai da lamba biyu. Ƙudan da ke shawagi a ɗaki kuwa sai da uku: nisansa daga wannan bango, nisansa daga wancan, da tsayinsa daga ƙasa. Yawan lambobin nan shi ne yawan fuskoki.

'Yar lambar da ake rataya wa mita a sama, 2 ko 3, kamar a m² ko m³, aikinta ƙirga sau nawa aka ninka tsawo da tsawo. Akwatin da kowane gefensa mita 2 ne, murfinsa murabba'in mita 4, cikinsa mita kubik 8. In da fuska ta huɗu, sai a sake ninkawa da 2, a sami 16, a rubuta m⁴. Ka ga ba a bukatar sabon ma'auni, mitar ce dai. Wannan akwati mai fuska huɗu yana da suna, tesarak, wanda Charles Hinton ɗan Ingila ya raɗa masa a 1888. Kusurwa 16 gare shi, gefe 32. Akwatinmu bangonsa shida ne, kowane murabba'i. Shi kuwa tesarak bangonsa takwas, kuma kowane bango cikakken akwati ne. Wato fatarsa ma da mita kubik ake auna ta. Ido ba ya iya hango wannan, amma alƙalami ba ruwansa.

A wajen canji ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, mita kubik ɗaya kuma santimita kubik miliyan ɗaya. A fuska ta huɗu abin ya kai miliyan 100.

Sai dai a yi hattara. Ganin m⁴ a takarda ba ya nuna an shiga wata duniya. Injiniyoyin gini kullum da ita suke aiki. In za su san yadda katako zai jure lanƙwasa, sukan ninka faɗinsa da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama yadda aka ajiye shi, su sake ninkawa da tsayin, su kuma ninkawa, sannan su raba da 12. Tsawo huɗu ke nan aka ninka, sakamakon ya fito a m⁴, alhali katakon yana nan a hannunka. Da yake tsayin har sau uku yake shiga lissafin, shi ya sa in ka shimfiɗa falanki ka taka sai ya lotsa, in ka tsayar da shi a kan gefensa sai ya ƙi. Kalmar daimenshon ɗin ce ke da ma'ana biyu. Akwai ta sarari, akwai kuma wadda Joseph Fourier na Faransa ya yi bayaninta a 1822, mai nufin irin abin da ake aunawa: tsawo, nauyi ko lokaci. Nauyi daimenshon ne a wannan ma'anar, amma ba wanda ya taɓa yin tattaki zuwa wajen kilogiram.

Batun lokaci ya fi daɗi. A 1908 masanin lissafi Hermann Minkowski ya ɗauki aikin da Einstein ya fitar a 1905, ya nuna cewa ana iya haɗa sarari da lokaci su zama abu guda mai fuska huɗu. To ta yaya za a tara sakan da mita? Gudun haske ne gadar. Haske na cin mita 299,792,458 a sakan ɗaya, in ka ninka lokaci da wannan gudun sai ya koma tsawo. Tun 1983 ma haka hukumomin awo na duniya suka fassara mita: nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na sakan. Duk da haka lokaci ba daidai yake da sauran ukun ba, domin a lissafin tazara ana tara su ne, shi kuma a ɗebe shi.

Fuska goma kuwa daga ka'idar zare ta fito, wato ra'ayin wasu masana kimiyya cewa komai daga wasu 'yan mitsi-mitsin zare aka yi shi. Ka'idar na cewa bayan huɗun nan, sauran shidan a naɗe suke, sun yi ƙanƙantar da ba a iya ganinsu. Har yau ba gwajin da ya tabbatar da su, ni dai a lissafi nake ajiye su. Amma da a ce sarari na da babbar fuska ta huɗu, da mun ji a jikinmu. Yanzu in ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da rana ke jan duniya da shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A fuska huɗu ɗaya cikin takwas zai koma. Masanin kimiyya Paul Ehrenfest ya nuna a 1917 cewa a irin wannan yanayi duniya ba za ta zauna a kan hanyarta ba: ɗan girgiza kaɗan, ko ta faɗa cikin rana ko ta ɓalle ta yi gaba.