Amsa: tsirkiya mai kauri irin ta Stevie Ray Vaughan

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyarku ta bulus-rok ba ta da mawaƙi, jita ce ke rera waƙar, kuma kana son sa tsirkiya lamba 13 (lambar ita ce ma'aunin kauri, 13 ta fi 9 kauri) don samun amon Stevie Ray Vaughan, marigayi gwanin jitar bulus na Amurka. Kada ka tsallaka daga 9 zuwa 13 kai tsaye.

Gaskiya ne ya yi amfani da 13 a jitarsa samfurin Stratocaster, amma yakan sassauta duka tsirkiyoyin shida da rabin mataki, daga E zuwa Eb, kamar yadda gwanin jita Jimi Hendrix ya riƙa yi. Wannan ne ke rage tsaurin. In ba haka ba, duk lokacin da ka tura tsirkiya sama ba za ta kai inda kake so ba, kuma tunda babu murya da za ta rufa maka asiri, kowa zai ji.

Fara da 11, a Eb. Wuyan jitar zai ɗan lanƙwashe, sai ka ɗaure ƙarfen da ke cikinsa da alanki, kwatan zagaye kawai, ka bari ya kwana kafin ka ƙara. Gadar, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyin a jikin jitar, ita ma za ta ɗago, sai ka ƙara sifirin a baya, daga 3 zuwa 4. Idan kana jin ƙas-ƙas wajen saiti, ramukan da tsirkiya ke bi a saman wuya ne suka matse ta. A faɗaɗa su kaɗan, a goga bakin fensir.

Tube Screamer kuwa, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya amon jita, rage drive (kaushin amo) sosai, ka ɗaga level (ƙarfin sauti).